Wata huɗu da rasuwar Inna, har yanzu kuka nake

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Mahaifiyata ta rasu wata huɗu da suka wuce. Har yau barci ba ya ɗaukata sai gab da asuba, abinci ba ya shiga, wani lokacin sai in ɗauki salula zan kira ta kafin in tuna. Gwaggona ta ce hawayena wuta ne a kan mamaciya, kuma makoki kwana uku ne. Wata ƙawata ta sayo mini ƙwayar barci wurin mai tebur. Ga ƙanena ɗan shekara shida, kullum tambayarsa yaushe Inna za ta dawo. Me zan yi? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Mu fara da maganar Gwaggo, don ita ce ta ɗora miki nauyi a kan nauyi. Kwana ukun da hadisi ya ambata iyakar zaman makoki ne da barin ado ga wadda ba mijinta ne ya rasu ba. Ba a yanka wa zuciya kwanaki ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma ziyarci kabarin mahaifiyarsa Amina a Abwa'i yana babba, ya yi kuka har na tare da shi suka yi. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yage tufafi, da furucin da ke nuna ƙin ƙaddara. Shi kuwa hadisin da ke cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, mafi yawan malamai sun ɗora shi kan irin wannan kururuwa, musamman idan mamacin ne ya yi wasiyya da ita. Hawayen da ke zubo miki a ɗaki ba ya ƙona Inna. Ki faɗa wa Gwaggo haka cikin ladabi. Wataƙila ita ma nata kukan take haɗiyewa.

Ɗaukar salula, ko jin kamar muryarta a tsakar gida, abu ne da aka sani a watannin farko, ba taɓin hankali ba ne.

Ƙwayar nan kuwa, ki ajiye ta yau. Irin su Diazepam jiki yana sabawa da su cikin sati biyu zuwa huɗu, sai barci ya gagara idan babu su. Tramol ma yana iya jawo farfaɗiya. Idan kin riga kin daɗe kina sha kullum, kada ki yanke farat ɗaya, ki kai wa likita kwalin ya tsara miki ragewa. Don barci, ki bar shayi da goro daga la'asar, ki tashi lokaci ɗaya kowace safiya ko da daren bai yi daɗi ba, barcin rana kada ya wuce minti 30. Abinci kuma kada ki jira sai kin ji yunwa: kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar, tare da mutane. Nana A'isha takan sa a dama wa masu makoki talbina, wato kunun sha'ir. A nan kunun gero da madara da ɗan zuma zai riƙe ciki.

Kewar nan ki ba ta aiki. Ki bincika bashin da ake bin Inna a biya kafin rabon gado. Ki ware lokaci guda kullum, misali bayan magariba, na yi mata addu'a. Ki riƙa gaida ƙawayenta ko da ranar Juma'a ce kawai, don suna da labaranta da ba ki taɓa ji ba.

Idan an kai wata shida abin bai sassauta ba, kin kasa aiki, kina ramewa, ki je ɗakin shan magani na unguwa ko babban asibitin jihar Maradi ki nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan kuwa tunanin kashe kai ya taɓa zo miki, ba a jira: ki gaya wa wani babba a gida, ku tafi ranar.

Ƙanenki kuma, kada a ce masa ta yi tafiya ko tana barci, domin zai yi ta jiran ta a bakin ƙofa, ko ya riƙa tsoron kwanciya. A ce masa: "Inna ta rasu, ba za ta dawo ba, ba laifinka ba ne, ga mu nan tare da kai." Zai sake tambaya sau da yawa, a ba shi amsa iri ɗaya. Idan ya koma fitsarin kwance kada a doke shi, yakan wuce. Ki sanar da malaminsa na makaranta, ki kuma bar masa wani abu na Inna, ko da kallabinta ne, ya riƙe.