Amsa: Me ya sa ba na ganin kalmomin da aka nema a Google?

Ɗan'uwa, ka ce a rajistar sabar shafinka, wato inda kwamfutar da ke ɗauke da shafin take rubuta duk wanda ya shigo, adireshin google.com kawai kake gani, babu kalmomin da mutum ya rubuta kafin ya iso wurinka. Kwantar da hankalinka, sabarka lafiyarta ƙalau.

A da, idan aka latsa sakamakon bincike, burauza kan aiko da cikakken adireshin shafin da aka baro, kalmomin suna maƙale bayan "q=". A watan Oktoba 2011 Google ya fara ɓoye su ga duk wanda ya shiga da asusunsa, zuwa ƙarshen 2013 abin ya game kusan kowa. Shi ya sa Google Analytics, manhajar ƙididdigar masu ziyartar shafi, ya cika da "not provided", wato ba a bayar da kalmomin ba. Daga 2020 kuma Chrome ya koma aika sunan gidan da aka fito kaɗai, kamar google.com, idan an tsallaka wani shafin daban.

Abin yi shi ne ka yi rajista da Google Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka. Can za ka ga kalmomin, da yawan latsawa, har na wata 16 baya, sai dai a dunƙule, ba mutum-mutum ba. Bing, injin bincike na Microsoft, ma yana da irinsa.

Af, kar ka gaskata duk abin da ke layin rajistar da ke nuna inda mutum ya fito. Burauza ce ke faɗa, kuma masu tallan bogi suna cusa adireshinsu don ka leƙa. Masu zuwa daga WhatsApp kuwa galibi ba sa barin sawu, sai a lissafa su cikin waɗanda suka shigo kai tsaye.