Kulocin Golf 3 a gida: ni sau biyu na sauke giyabos cikin wata guda

Assalamu alaikum. Malam mai tambaya, sannu da fama, Allah ya kawo mafita. Tun da asuba na ga rubutunka, na ce bari in taso daga makaranta in zauna in amsa maka a tsanake, don wallahi kamar labarina ka ɗauko. Ka ce Golf 3 ɗinka mai injin 1.8 ce, in ka taka totur inji ya yi ta ihu mota ba ta ja, in ka hau tudu ƙauri ya cika ciki, kuɗin aikin da bakanike ya yanka maka kuma ya fi ƙarfinka, don haka kake so ka sauya kulocin da kanka a tsakar gida ranar Asabar. Za ka iya. Ni malamin makaranta ne, alli na saba riƙewa, amma na yi. Sai dai sau biyu na yi cikin wata guda, kuma na biyun nan ne ba na so ka ɗanɗana.

Tukuna ma, ka duba kebul ɗin kuloci kafin ka taɓa ko noti ɗaya. Na Golf 3 irin mai daidaita kansa ne, in ya cije sai ya riƙe kuloci a ɗan take ko ka ɗaga ƙafa, mota ta riƙa yin duk abin da ka lissafa alhali fulet, wato faifan kuloci mai fata, bai mutu ba. Ka taka kuloci kamar sau biyar, ka buɗe bonet, ka danna hannun nan da kebul ke ja a jikin giyabos zuwa ƙasa. In ya ɗan motsa ba gardama, kebul lafiya yake. In ya ƙi, to ka fara da shi, arha ne. In kuma kebul ba laifi, ka ja hanbirki, ka sa giya ta huɗu, ka saki kuloci a hankali. In inji bai mutu ba, to kulocin ne ya mutu.

Tawa wagon ce, Asabar da Lahadi ina ɗan taɓa haya da ita tsakanin Lafiya da Akwanga, ka san albashi. Da ta fara wannan ciwo sai na je wurin wani mai sayar da kayan mota a nan garinmu. Ba baƙo ba ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, na koyar da 'ya'yansa biyu. Ya shiga can ƙuryar shago ya fito da fulet da dis, wato faifan da ke matse fulet, a leda, ya ce Malam wannan ɗan Beljiyom ne, daga jikin mota aka ciro shi, na ɓoye shi ne don irinku. Har da rantsuwa. Na ga abu yana sheƙi, na biya kuɗin da ya kusa rabin albashina, ban ko nemi ragi sosai ba don kunya. Ni da ɗan wana muka kwana biyu a ƙarƙashin mota, muka ɗaura, ta tashi, ta ja. Ranar har maƙwabta na kira su gani.

Kwana 19 bayan nan aka ce ni zan kai lefen ƙanena Jos. Gwaggo a gaba, Inna da maiɗakina da wata 'yar'uwarmu a baya, akwatuna shida a but har saman gilashi. Tun daga Gwantu na fara jin wani ɗan ƙauri, na ce da raina ai sabon kuloci ne yana zama. Muka wuce Fores muka kama Hawan Kibo. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san wurin, ba sai na faɗa ba. Daga giya uku na dawo biyu, daga biyu na dawo ɗaya, inji yana kuka kamar zai fito ta bonet, mota tana rarrafe, hayaƙi yana shigowa ta wajen ƙafata. A daidai wata kwana ta tsaya cak. Na ɗaga ƙafa gaba ɗaya daga kuloci, tana cikin giya, amma kamar a firi take. Sai ta fara komawa baya.

Malam, har yau in na tuna sai tafin hannuna ya yi gumi. Tirela ce a bayanmu tana hawowa da lodi, direban ya danne hon bai ɗaga ba, don shi ma in ya tsaya a wurin tashi sai Allah. Na taka birki da iya ƙarfina, na ja hanbirkin da na san tun bara ba ya kamawa sosai. Gwaggo ta riƙe hannun rigata tana salati da ƙarfi, Inna tana kiran sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Maiɗakina ce ta buɗe ƙofa ta dira ba takalmi, ta ɗauko wani dutse da a ranar lafiya ba za ta iya ɗaga shi ba, ta cusa a bayan taya. Tirelar ta goce ta wuce mu, yaron motar ya leƙo yana zagina, ban ma ji haushinsa ba. Daga la'asar har bayan isha'i muna gefen titi, ga sanyin Filato, ga yayyafi, tsofaffi biyu sun lulluɓa da zanen da aka ɗauko daga cikin lefen mutane. Dangin amarya suna ta kira, tun ina ɗagawa har na kashe wayar. A ƙarshe wata bas ta kwashi matan da akwatuna, ni kuma wani mai a-kori-kura ya ja ni da igiya har Bukuru. Shekara ta zagayo amma a gidanmu in an tashi tsokanata direban Hawan Kibo ake ce min. Gwaggo kuwa ta rantse ko asibiti ne gara ta hau babur.

Da muka sauke giyabos a Bukuru, wani dattijon bakanike ya juya fulet ɗin a hannunsa ya yi dariya. Ya nuna min ƙusoshin da suka riƙe fatar, duk da guduma aka dake su, wani ya fi wani tsawo. Sifirin ɗin tsakiya suna kwaram-kwaram in ka girgiza. Tsohon ƙarfe ne aka sake wa fata a nan gida, aka wanke, aka fesa fenti. Na ɗauko shi a leda na kawo wa mai shagon nan. Ban je da faɗa ba, wallahi ko rabin kuɗina ya ba ni da na haƙura. Ya kalle ni a gaban yaransa ya ce kaya in ya fita ya fita, kuma ai kai ka ɗaura da kanka, ina ruwan malamin makaranta da giyabos. Yaran suka fashe da dariya. Ɗaya daga cikinsu ni na koya masa karatu. Wannan maganar ta fi min Hawan Kibo ciwo. Mutumin da na sha zama bayan an tashi ina yi wa ɗansa bitar lissafi ban taɓa karɓar ko sisi ba. Har yanzu muna haɗuwa a masallaci, yana miƙo hannu ina karɓa, amma na bar shi da Allah. Kai, bari in bar zancen nan haka.

Sai dai dattijon nan na Bukuru ya nuna min wani abu da ya sa na yi shiru, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan. Ya shafa yatsa a cikin bakin giyabos ya kai min hanci. Man giya ne, mai warin nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce ko sabo fil na kamfani ka sa, da wannan man ba zai yi wata uku ba. Na tuna ranar farko da na cire tsohon kulocin na gan shi baƙi ƙirin yana danƙo, na sa tsumma na goge wurin na ɗaura wani. Ban tambayi kaina daga ina man ya fito ba.

Ka san kulocin wannan mota a juye yake, ba kamar na Toyota ko Peugeot ba. Dis ne ake ɗaurewa a jikin inji da ƙusa shida, sai fulet, sannan fulawil ya rufe su daga waje da ƙananan ƙusoshi tara. Boris ɗin da ke tura kuloci ba ya ciki ma, yana can ƙarshen giyabos ta wajen tayar hagu, a bayan wani koren murfi. Daga can wani siririn ƙarfe kamar tsinken tsire ya ratso ta cikin shaf ɗin giyabos ya zo ya tura. To a bakin ramin da tsinken nan ke fitowa akwai wani ɗan sil, wato robar da ke tare mai, da bai fi farcen babban yatsa ba. In ya mutu, man giya ya biyo tsinken ya zubo kai tsaye a tsakiyar kuloci. Kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, shi ya kashe min kuloci biyu. Ka saye shi, ka sayi na shaf ɗin da ke kewaye da shi, ka duba babban sil na bayan inji tunda ga shi a buɗe. In baƙin mai ka gani, na injin ne. In mai wari ne, na giyabos. Kada ka rufe sai ka san wanne ne.

Kada ka sayi komai sai ka sauke, ka ɗauki tsohon a hannu ka tafi kasuwa da shi. Faɗinsu ba ɗaya ba ne, akwai 190, akwai 200, akwai 210, haƙoran tsakiya ma wani 24 ne wani 28. Ka zura sabon a shaf ka ga ya shiga yana zamewa kafin ka ɗaura. Ni a karo na biyu sabo na saya a kwali, Sachs, LuK ma ana yabonsa, ko da yake kwali ma yanzu ana buga na jabu, sai ka je da wanda ya san kaya. Ƙusa shidan nan na jikin inji sababbi ake so a sa, da gam ɗin ƙusa, kada ka bari a ce maka tsofaffin za su yi.

Don girman Allah kada ka ɗora mota a kan bulon siminti. Bulo ba ya gargaɗi, rugujewa kawai yake. Kututturen itace mai kauri ka nema, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin mota, ka sa duwatsu a tayoyin baya. Jak shi kaɗai ba abin yarda ba ne. Ka cire kan batir tun farko. Injin ma sai ka tallafe shi, don ƙusoshin kik su ne suka riƙe mazaunin inji na gaba, kana cire su zai sunkuyo. Ni katako na gitta a sama na ɗaure shi da igiyar rijiya, na ƙara jak a ƙasa da falanki a tsakani don kada ya lotsa kaskon mai.

Af, ƙusoshin shaf na taya. Masu haƙora 12 ne a ciki, ba alanki ne ke kwance su ba ko da ya yi kamar ya shiga. Na lalata biyu kafin na gane, muka wuni muna sara da kurfi. Ka ari makullinsu a gareji, ka sa tsinke ka kwakule ƙasar da ke ramin kafin ka zura.

Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Giyabos ɗin ya fi rabin buhun siminti nauyi, kuma ba ya fitowa a miƙe, bakin shaf na dama yana maƙalewa a gefen fulawil, sai an ɗan murɗa shi an karkata. Mayarwa ta fi wuya. In fulet bai zauna daidai tsakiya ba, ko kwana za ku yi ba zai shiga ba. Ni da tsinken ashana na auna tazarar gefe huɗu kafin na ƙarasa ɗaure ƙusoshi taran nan, kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan na gabansa. Ƙanana ne, kada ka sa musu bututu. In giyabos ya rage ɗan yatsa bai haɗu ba, kada ka ja shi da ƙusa, ka fito da shi ka sake. A nan ne ni da ɗan wana muka kusa ɓatawa, yana ƙasa yana cewa Baba hannuna, ni ina sama ina cewa ɗaga kaɗan, magariba ta yi, fitilar waya ta mutu.

Ƙurar cikin kada ka busa da baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Giris ɗan kaɗan a haƙoran shaf, kamar kana shafa kwalli. Ka ɗauki hoton sandunan giya da wayoyi kafin ka cire, don ni da na gama ribas ta koma inda giya ɗaya take. Man giya wajen lita 2 take sha, tunda ka sauke ka zuba sabo.

Mu ma dai muna da laifi, gaskiya. Biyu a gaba huɗu a baya, buhuna a but, ƙafa kullum a kan kuloci a cikin cunkoso, a riƙe mota a tudu da rabin kuloci don hanbirki ya mutu. Motar da aka daina ƙerawa tun wajen 1999 muke yi wa lodin a-kori-kura. Ni dai abu na farko da na gyara bayan na dawo daga Bukuru hanbirki ne.

Kada ka sa ran gamawa ranar Asabar ɗin, ka ɗauka har Lahadi, kuma kada ka yi alkawarin kai kowa ko'ina a makon. In ka sauke, ka ɗauko mana hoton tsohon fulet gaba da baya da cikin bakin giyabos kafin ka goge komai, akwai ogogi a nan da suka fi ni ido. In kuma kana kusa da Lafiya ka yi min magana ta akwatin saƙo, makullin mai haƙora 12 yana nan a wurina, na saya bayan abin da ya faru, sau ɗaya na yi aiki da shi.