Kafin ka kai kuɗinka wurin mai fiyano

Wani matashi daga Zariya ya ce yana son koyon fiyano da kunne, amma bai iya karanta rubutun kiɗa ba, har yana tsoron ya makara.

Kwantar da hankalinka, ƙanena. Da yawa cikin masu kiɗa a situdiyoyin Kano da kunne suka koya. Fara da baƙaƙen maɓallan nan da ke jere biyu-uku, biyu-uku. Sauti biyar ne, kuma waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan biyar suke tafiya, don haka duk inda ka taɓa zai yi daɗi. Rera waƙar da bakinka tukuna, sannan ka lalubo ta da yatsa. In hannun dama ya zauna, sai ka koma kan fararen maɓallai, hagu ya koyi haɗin sautukan da ake kira C da F da G.

Wani kuma yana tambaya ko sati biyu ya isa ya fara kiɗan biki.

Haba malam! Bai isa ba.

Wata uwa daga Maraɗi tana son saya wa ɗanta fiyano, ta ga wata mai arha an rubuta Yamaha a jiki.

Hajiya, a nan ne nake so ki tsaya. Rubutu a jiki ba shaida ba ne, jabu ya cika kasuwa. Juya ta ki duba lambar samfuri a ƙasa. A kunna a gabanki, a danna maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallake ko guda. A danna a hankali, sannan da ƙarfi: in ƙarar ba ta canza ba, yaro ba zai koyi sarrafa hannu ba. Ni na gwammace ta hannu mai kyau, Yamaha ko Casio, a kan sabuwa dal da ba a san asalinta ba.

Sai adafta. Na taɓa ganin fiyano lafiyayyiya ta ƙone cikin daƙiƙa, hayaƙi na fita ta gefen sifika, saboda an sa mata adaftan wata na'ura. Ƙananan Yamaha 12V suke ci, Casio da yawa 9.5V. Kada mai shago ya ce miki duk ɗaya ne. Kuma in an ɗauke wuta za a tayar da janareta, a zare ta daga soket tukuna.