Amsa ga ƙanena kafinta mai son zuwa Amurka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce shekara tara kana kafinta a Kano, kana yin gado da kabad da kujeru, kana so ka ji ko hannunka zai ci a gyaran jiragen ruwa kamar yadda nake yi a Anapolis, a jihar Meriland. Bari in ba ka labarin aikin da ya cinye mini mako guda, sai ka auna kanka da shi.

Wani dattijo ya kawo jirginsa mai tafiya da iska, ƙirar 1979. A ɗan kicin ɗin jirgin akwai kabad mai wata irin ƙofa da ake kira tambur. Ka tuna asabarin ƙofar ɗakin Inna? To kusan haka take, sai dai ta katako ce. Siraran katakai ne, kowanne bai kai faɗin inci ɗaya ba, a jera su a manne a bayan tamfol, su riƙa zamewa cikin kwari sama da ƙasa, su lanƙwasa su shige ciki. A jirgi ana son ta domin wuri ya yi kaɗan, kuma ƙofa mai buɗewa waje takan doki mutum idan igiyar ruwa ta taso. Tasa tamfol ɗin ya ruɓe saboda laima, katakai shida sun karye.

Ya sha yawo kafin ya zo wurinmu. Kamfanin da ya ƙera jirgin ya daɗe da rufewa, kuma irinsa suna da yawa. Ko kamfanin Pearson, da ya yi suna a jihar Rod Ailan, ya rufe tun 1991. Tambur ɗin da ake sayarwa na kicin ɗin gida ya fi kwarin jirgin kauri, ga shi katakonsa ba ya jure ruwan gishiri. Ya leƙa wuraren da ake farfasa tsofaffin jirage ana sayar da kayansu, bai dace da awonsa ba. Dole sai an yi sabo da hannu, kuma a nan ne abincinmu yake.

Ainihin katakon ƙofar wanda ake kira tik ne, na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma. Tun 2021 da Amurka ta sa wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi, samunsa ya yi wuya, kuɗinsa ya yi sama. Ka san abin da muke maye gurbinsa da shi? Loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, da kuma safele, wanda ya samo sunansa daga garin Safele na jihar Delta. Na yi dariya ranar da maigidana ya tsaya yana yi mini bayanin katakon ƙasarmu.

Katakan da suka tsira na kankare musu tsohon gam, na yanka sabbin shida, na goge su da sinadarin cire maiƙo domin katako mai mai ba ya kama gam, na matse su a kan allo kada gam ya shiga tsakani, sannan na shimfiɗa sabon tamfol. Karon farko na yi ta cif da kwarin, irin yadda muke alfahari da shi a gida. Bayan kwana biyu a kan ruwa ta kumbura ta cije. Ka san yadda ƙofa ke yi da damina; to a jirgi kullum damina ce. Sai da na rage bakin kowane katako, na shafa wa kwarin kaki, sannan ta tafi sumul. Awo a nan da inci ake yi, har kashi ɗaya cikin talatin da biyu na inci, kuma babu kusurwar da ta miƙe a cikin jirgi.

Saboda haka hannunka zai ci, in ka yarda ka koma ɗan koyo. Aikin cikin jirgi da hunturu ake yinsa, bayan an fitar da jirage tudu, ka durƙusa a wuri kamar akurki yatsunka na ƙanƙara. Ƙurar loko kuma tana taɓa ƙirji da fata, sai da abin rufe hanci.

Amma gwaninta ba ta ba da takarda. Cacar biza an cire 'yan Najeriya daga cikinta fiye da shekara goma. Akwai makarantar gyaran jirage a Niyufot ta Rod Ailan, IYRS, sai dai bizar koyon sana'a ba ta barin mutum ya yi aikin kuɗi yana karatu, kuɗin makaranta da na ci duk daga aljihunka. Duk wanda ya ce ka sayar da shago ka ba shi ya nemo maka aikin jirgi, ka riƙe kuɗinka.

Abin da nake so ka yi kafin Sallah: sayi loko busasshe, ka yi ƙaramar kabad mai tambur mai lanƙwasa, ka ajiye ta kusa da randa mako biyu. Ka ɗauko mini bidiyonta tana zamewa, in nuna wa maigidana. Ka gaida Inna da su Hajiya.