Ƙaiƙayin ciki, ciwon hanta da takardar kuɗin asibiti a Amurka

Wani ɗan'uwa mai tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin Niyok ya aiko da tambaya. Mai ɗakinsa tana da cikin wata takwas, ƙaiƙayi ya addabe ta a tafin hannu da tafin ƙafa, musamman da dare, kuma babu ƙuraje. Likita ya ce daga hanta ne, ya sa ta riƙa zuwa awo duk mako. Yanzu kamfanin inshora ya ƙi biyan kuɗin awon, ga lambobi birjik a takarda. Yana tambaya: ya biya ne, ko su rage zuwa asibiti? Hajiyarsa kuma ta ce za ta aiko da sassaƙe daga gida.

Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya raba lafiya. Abu na farko, kada ta fasa awo ko sau ɗaya saboda takarda. Wannan larura ta taruwar ruwan matsarmama a jinin mai ciki ce. Uwa takan warke bayan haihuwa, haɗarin yana kan jariri, shi ya sa ake auna bugun zuciyarsa a kai a kai, ake ba uwa maganin ursodiol, kuma sau da yawa ake haihuwa kafin lokaci ya cika. Idan sinadarin matsarmamar ya kai 100 a awon jini, likitocin Amurka kan ba da shawarar a haihu a mako na 36. Sassaƙen Hajiya kuwa, a yi mata godiya da ladabi, a ce likita ya hana. Hantar da ta riga ta gaji ba a ƙara mata aikin tace abin da ba a san ƙarfinsa ba.

Sai batun kuɗi. Duba saman takardar tukuna. Idan daga kamfanin inshora take, wadda ake kira EOB, bayani ne kawai, ba neman biya ba ne. Takardar neman biya daga asibiti ko ofishin likita take zuwa.

Duk abin da aka yi wa mara lafiya a Amurka, lamba iri biyu ake tura wa inshora. Ɗaya tana faɗin me aka yi, tsarin CPT ke nan: 59025 awon bugun zuciyar jariri ne, 82239 awon ruwan matsarmama a jini. Ɗayar tana faɗin dalilin yin sa, tsarin ICD-10-CM. Na'urar kamfanin tana haɗa su biyun ne ta ga ko dalilin ya isa. A nan ake yawan tuntuɓe. Lambar da ta fara da Z34 ma'anarta ciki lafiyayye, awon yau da kullum. Idan ma'aikacin lissafi ya bar wannan lamba a fayil bayan an gano ciwo, kamfanin zai ga mace lafiyayya ana yi mata awon masu haɗari duk mako, sai ya ƙi biya. A ƙa'ida ma ba a haɗa Z34 da lambar larurar ciki.

Lambar da ta dace da irin ciwon mai ɗakinka tana ƙarƙashin O26.64, kuma lamba ta ƙarshe tana nuna zangon cikin. Daga mako na 28 zuwa haihuwa zango na uku ne, wato O26.643. Waɗannan lambobi sun fara aiki ne a ranar 1 ga Oktoban 2023. Kafin nan O26.61 ake amfani da ita, wadda ta tattara cututtukan hanta da matsarmama na masu ciki gaba ɗaya, don haka kada ka yi mamaki idan ka ga tsohuwar. Ana kuma ƙara lambar Z3A mai faɗin makonni, misali Z3A.34. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a tsakaninmu 'yan Afirka ta Yamma, nasa gidan daban ne, O98.41. Idan tana da shi a tabbatar yana cikin fayil, domin jaririn zai buƙaci allurar rigakafi da ta kariya cikin awa 12 da haihuwa.

To ka kira ofishin lissafi na likitan, ita ma tana kusa, domin ba za su tattauna fayil ɗinta da kai ba sai da izininta. Ka nemi takardar kuɗi dalla-dalla mai lambobi, sunanta a can "itemized bill". Ka tambaya wace lambar cuta aka tura da kowane awo. Idan ba ta dace da abin da likita ya rubuta ba, su gyara su sake turawa, su kuma dakatar da neman biya har a gama. Ka rubuta rana da sunan wanda ya amsa maka. Idan Turancin asibiti yana ba ku wahala, ku nemi tafintan Hausa, kyauta ne. Gyara kuskure kake nema fa. Kada wani ya ba ka dabarar a sa lambar ciwon da babu don a biya, wannan zamba ce a dokarsu.

Idan lambobin daidai suke kuma kamfanin ya kafe, kana da kwana 180 daga ranar da aka sanar da ƙin biyan ka ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, da wasiƙar likita mai bayyana dalilin awon. Bayan wannan akwai masu duba ƙara na waje. Asibitocin da ba na neman riba ba kuma doka ta wajabta musu tsarin rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, sai dai ba kasafai suke tallata shi ba, ka nemi fom ɗin da bakinka. Ka bincika ko ta cancanci Medicaid na masu ciki, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. Idan kuna tsakiyar neman katin zama, ku fara jin ta bakin lauyan shige da fice, ba ta bakin majalisar 'yan tasi ba.

Da zarar an haihu, jariri yana da nasa lissafin daban, balle idan an kwantar da shi a ɗakin bakwaini. Inshorar wurin aiki kwana 30 take ba ka ka saka sunansa, wadda mutum ke saya da kansa a kasuwar inshora ta gwamnati kuma kwana 60. Ka cika wannan fom ɗin kafin hidimar ragon suna ta ɗauke maka hankali.