Ciwon kai na kullum da ƙarar kunne

Malama, kin ce wata huɗu ke nan kusan kullum kina tashi da ciwon kai, kunnenki yana ƙara kamar kukan gyare, kuma Panadol ya daina yi miki aiki. Allah Ya sawwaƙe.

Abin da zan fara jan hankalinki a kai shi ne maganin kansa. Wanda yake shan paracetamol (wato Panadol) ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon wata 3, maganin na iya zama shi ne yake haddasa ciwon, sai ya ƙara sha, ciwon kuma ya ƙara samun gindin zama. Haka nan aspirin mai yawa da kwinin na zazzaɓin cizon sauro suna sa kunne ƙara, saboda haka ki tattara kwalayen duk magungunan da kike sha ki nuna wa likita.

A auna jininki, domin idan yana kai 140/90 a lokuta daban-daban akwai hawan jini. Ki nisanci injin niƙa da janareta, ki rage goro da shayi a hankali, domin yanke su farat ɗaya ma yana kawo ciwon kai. Da dare kuwa, sautin fanka yana danne ƙarar har barci ya ɗauke ki.

Amma idan ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciyarki, ko ganinki yana dishewa na ɗan lokaci idan kin sunkuya, ki je asibiti a wannan makon a duba bayan idonki, domin matsin ruwan cikin kai idan ya yi yawa yana iya lalata gani.