Amsar murya: fankar ɗakin renon dashe mai sarrafa gudunta da kanta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Ƙanena na Birni da ya yi tambaya jiya da dare, wanda ya mayar da ɗaki guda wurin renon dashen tumatir da tattasai, ya ce yana so fankar da ke fitar da iska ta riƙa ƙara gudu tana ragewa da kanta, ba sai ya baro shago ya zo ya murɗa ba. To ƙanena, ana yi, kuma bai fi ƙarfinka ba. Amma kafin ka kashe ko dala, ka riƙe wannan: fanka ba ta yin sanyi. Iskar waje kawai take jawo maka, yadda ta same ta.

Ka duba Damagaram a watan Afrilu da Mayu. Da azahar waje ya haura digiri 40, ɗakinka kuwa in na ƙasa ne mai kaurin bango, ciki bai kai haka ba. In na'urar da ke sarrafa fankar zafin ciki kaɗai take gani, za ta ce zafi ya yi yawa, ta buɗe wa fanka gudu, ta kwaso maka wutar waje ta zuba wa dashe. Ka dawo la'asar ka tarar ganye ya yi laushi, kai kuwa kana ta jin daɗi fanka na aiki. Saboda haka ma'auni biyu za ka sa. Ɗaya ciki, daidai tsayin ganye, ba can kusa da rufi ba, ba kuma bakin fanka ba. Ɗaya waje cikin inuwa. Ka nemi DHT22, yana auna zafi da laima gaba ɗaya. Kar a haɗa ka da DHT11 don araha, wannan iyakarsa digiri 50, kuma yana iya kuskure da digiri 2.

Yanzu dokar da za a rubuta wa Arduino, wato ɗan allon lantarki da zai karanta ma'aunan ya sarrafa fankar, ko ɗan'uwansa ESP32 in kana son gani a waya. In waje ya fi ciki sanyi, gudu ya bi zafin ciki: daga digiri 26 ta fara hawa sannu sannu, a 32 ta kai ƙarshen gudunta. In waje ya fi zafi, ta sauka zuwa kashi 30 cikin ɗari, iska dai ta riƙa sauyawa. Kar ta tsaya cak, kuma kar ka sauke ta ƙasa da haka sosai, fankoki da yawa in wutar ta yi kaɗan sai su tsaya suna gunji. Sannan ka bar tazarar digiri 1 ko 2 tsakanin hawa da sauka, in ba haka ba yini za ta yi tana tashi tana faɗi.

Wani zai ce to da ranar fa, a bar dashe ya dahu? A'a. Nan ne za ka sa wa tagar shigar iska buhun algarara jiƙaƙƙe, ko gawayi cikin raga, ruwa na ɗiga a kai. Aikin randa ne sak, ruwa na tashi yana tafiya da zafi, kuma iskarmu ta bazara busasshiya ce, tana karɓa ƙwarai. Da wannan fanka na iya komawa ta yi gudu ko da rana. Sai dai ruwa a garin nan kowa ya san darajarsa, ka sa bokiti ƙasa da ƙaramin famfo ya riƙa mayar da shi sama. A watan Agusta kuwa ka kashe shi, iska ta riga ta ƙoshi da laima. Lokacin ma in laima ta wuce kashi 80 fanka ta ƙara gudu ko babu zafi, don laimar da ta kwanta ita ke sa dashe ya ruɓe daga gindi ya faɗi.

Batun irin fankar. Wallahi kar ka ɗauki abin rage hasken ƙwan lantarki ka haɗa da fankar bango ta kuran 220. Za ta yi ƙugi, injin ya ɗau zafi. Ni dai shawarata ka tafi kan ta volt 12, ka ga ko an ɗauke wuta batir da sola na riƙe da kai. Ta kwamfuta mai waya huɗu ita ta fi sauƙi, wayar ta huɗu ta PWM ce, wato a yanke wuta a mayar da sauri, sau 25,000 a daƙiƙa. In ɗakin babba ne, fankar lagireton mota wajen bakanike tana yi, amma tana shan wuta, dole ka sa MOSFET, wato makunnin lantarki da Arduino ke sarrafawa, irin IRLZ44N, da diyod mai kare shi, da fis, da waya mai kauri. Kuma ga ribar rage gudu: in ka sauke shi rabi, iska ta ragu rabi, wutar da take ci kuwa a lissafi tana komawa wajen kashi ɗaya cikin takwas. Batirinka zai kai asuba.

In duk wannan ya yi maka nisa, akwai W1209, ɗan allo mai araha. Kunnawa da kashewa kawai ya iya, kuma ma'auninsa ɗaya ne, don haka da azahar sai ka sa ido da kanka.

Af, hunturu. Ka sa yadi marar kauri a tagar shiga, ka riƙa kakkaɓewa duk mako, ƙura na toshe shi har ma'aunin ma ta rufe. Tagar shigar kuma ta fi ramin fanka faɗi, kamar ninki biyu.

Ƙanena, ka auno mini tsawo da faɗi da tsayin ɗakin, ka ɗauko hoton takardar da ke manne bayan fankar ka turo nan, mu lissafa ko za ta iya sauya iskar ɗakin cikin minti ɗaya zuwa uku. Sai na ji ka.